Abin da Kawu Harouna Ya So In Faɗa

Kwana uku Hajar ta yi a asibiti, ranar Talata aka sallamo mu. Amai da gudawa ne suka kama ta, irin wanda ya zagaye yaran benenmu na unguwar Malaz a Riyad a watan Nuwamban 2017. Har ɗan maƙwabciyata 'yar Sudan sai da aka yi masa ƙarin ruwa. Likita ta ce ƙwayar cuta ce da yara ke ɗauka a wurin juna, ta ce in yawaita wanke hannu, in dage da ba ta ruwa. Shekarar Hajar biyu da wata huɗu. Ita ce ta fari, kuma ita kaɗai gare ni.

Ranar Laraba da hantsi, mijina Basiru yana wurin aiki, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Kawu Harouna ne da matarsa Inna Biba. Kawu ƙanen mahaifiyar Basiru ne, mutumin Maraɗi, shekararsa ashirin da biyu a Riyad yana tuƙa wani attajiri mai harkar hannun jari. Shi ya nemo wa Basiru hanyar zuwa ƙasar nan, shi ya tare ni a filin jirgi ranar da na iso. Ya zo dubiya asibiti sau biyu, har ya ɗauki bidiyon Hajar a kan gado, ya ce zai tura wa Hajiya, surukata, a Jibiya don hankalinta ya kwanta.

"Ina Yaya take?" ya ce tun daga bakin ƙofa. Haka yake kiran yarinyar, saboda sunan yayarsa ta ci. "Yaya, tsofai-tsofai da ke kike tsorata mutane? Dubi yadda kika zama kamar tsinke."

Hajar ta ɓuya a bayan zanena. Inna Biba ta jawo ta da alewa, ta zauna da ita a gefe. Na kawo shayi. Kawu ya kurɓa, ya leƙa kicin ta ƙofar da na bari a buɗe.

"Bilƙisu, buhun shinkafar can nawa kuka saye shi?"

"Riyal ɗari, Kawu."

"To ki ara mini shi yau. In kai kasuwa in sayar ɗari. Bayan sati biyu shinkafa ta karye ta koma saba'in, in sayo wani buhun in dawo miki da shi, in ɗora miki riyal biyu ladan aro. Me kika rasa?"

"Ban rasa komai ba."

"Ni kuma na tashi da ashirin da takwas, alhali ko ƙwayar shinkafa ban mallaka ba. Kin ga kasuwa?"

"In kuma shinkafar ta tashi fa?"

Ya yi dariya, amma bai daɗe yana yi ba. "Basiru ya auro 'yar kasuwa. In ta tashi, buhu na ara, buhu zan mayar. Ko ta kai ɗari biyu dole in saya, in cika da na aljihuna."

Daga nan ya shiga maganar da ta kawo shi. A shekarar nan, in ji shi, kasuwar hannun jari ta ba da izinin irin wannan aron. Shi da wasu mutanenmu na unguwar Gubaira sun haɗa abin da suka tara, ta hannun wani dillali suka ari hannun jarin wani kamfanin madara, suka sayar. Ya ji ne a mota ana cewa ribar kamfanin za ta ragu, farashi zai faɗi. Sai ga shi farashin bai faɗi ba, hawa ma yake yi kullum. Alhamis ta sama kuma dole su mayar da abin da suka ara.

Tun kafin ya faɗi sunan kamfanin na sani. Can Basiru yake aiki, a Birnin Masana'antu na Biyu, yana kula da injinan ɗakunan sanyi. Kamfanin ne kafilinsa, wato shi ke riƙe da takardar zamansa, iƙamarsa, tawa da ta Hajar kuma a ƙarƙashin tasa suke.

Kawu ya miƙo mini wayarsa. Bidiyon asibiti ne, amma an taɓa shi. Ga Hajar a kwance, idonta ya zurma, robar ƙarin ruwa a hannunta. Sai hoton ya matsa a hankali zuwa kan durowa, inda na ajiye kwalin madarar da ake ba ma'aikata duk wata. A ƙasa an rubuta da Larabci cewa 'yar ma'aikacin kamfanin ce, madararsu ce ta kwantar da ita.

"Abu ɗaya ya rage," in ji Kawu. "Muryar uwa. Minti ɗaya. Na turo miki a waya yadda za ki faɗa, da muryata, kalma bayan kalma, don na san Larabcinki na cefane ne. In kuka ya zo kada ki riƙe shi. Ranar Lahadi kafin a buɗe kasuwa ƙarfe goma, akwai masu shafuka da za su watsa. Mutane su firgita, kowa ya zubar da hannun jarinsa, farashi ya rikito, mu saya mu mayar. Bayan kwana uku kamfani ya fito ya ƙaryata, komai ya koma daidai. Wa ya mutu?"

"Kawu, ba madara ba ce. Likita ta faɗa."

"Na sani mana. Ce miki na yi madara ce?"

"Basiru fa?"

"Ba za a ga fuskarki ba."

"Za a ga tata. Ga kuma sunan ubanta nan a abin da aka ɗaura mata a hannu, ana karantawa."

"Ai shi ne nauyin maganar," ya ce, kamar yana nuna mini ingancin atamfa.

A gidanmu uwa ba ta tsaya wa 'yar fari a gaban manya. Ba ta kiran sunanta, ba ta nuna ta damu da ita, in an tsawata mata sai ta kau da kai. Balle ma Hajar da take da sunan surukata. Shekara biyu "yarinyar nan" nake cewa in akwai babba a wurin. Kawu ya san haka, kuma ina jin da shi ya dogara. Na sunkuyar da kai na ce zan yi shawara da Basiru. Ya ce madalla, ya ajiye wa Yaya riyal hamsin na alewa, suka fita. Inna Biba ta tsaya sa takalmi, ta ɗaga kai ta dube ni, sannan ta bi shi.

Da Basiru ya dawo bayan magariba, na bari ya ci abinci, sannan na kunna masa saƙon. Ya saurara har ƙarshe, ya sake kunnawa. Ya tashi ya kira Kawu a ɗaki. Ina jin "Na'am, Kawu," "Haka ne, Kawu," "Allah ya huci zuciyarka." Ya fito ya zauna a ƙasa.

"Ya ce da muryarki ko babu, ranar Lahadi zai saki. Ya ce jininsa ce."

"Kai kuma ka ce me?"

"Bilƙisu, Kawu ne fa."

"Na san Kawu ne. In manajanku ya kira ka ranar Lahadi ya nuna maka sunanka a hannun 'yarka, me za ka ce masa? Ka ce Kawu ne? Kai da makullin ɗakin sanyi ke hannunka? Cewa za su yi da kai aka haɗa baki. A ƙasar nan ka ga yadda ake yi da wanda ya yaɗa ƙarya a waya. In mun yi sa'a, a buga mana hatimin fita ta ƙarshe a fasfo, mu kwashe kaya cikin sati biyu. In ba mu yi ba, ni da yarinya mu tafi, kai ka zauna a inda ba ka zaɓa ba."

"Bari in kira Hajiya ta yi masa magana."

"Hajiya za ta ce a yi haƙuri, a rufa asiri. Ta gama faɗa Lahadi ta wuce."

Basiru ba matsoraci ba ne, na taɓa ganin ya shiga tsakanin mutum biyu masu faɗa da ƙarfe. Amma duk abin da yake da shi a garin nan ta hannun Kawu ya bi, kuma ya kasa manta hakan ko na minti ɗaya. Ban ƙara matsa masa ba. Ni dai na kasa daina tunanin fuskar Hajar tana yawo a wayoyin mutanen da ban sani ba, da matan da za su gani su ruga su duba cikin 'ya'yansu, su zubar da madarar da suka saya, su kwana suna zargin kansu kamar yadda na kwana uku ina zargin kaina.

Ranar Alhamis na goya Hajar, na kira tasi, na koma asibiti. Awa biyu da rabi na yi a layi kafin a ba ni takardar sakamakon gwaji, da sunan ƙwayar cutar, da kwanan wata, da hatimi. Na biya ta wani shago na sa aka buga mini kwafi uku. Saƙon Kawu kuma na tura shi wayar maƙwabciyata, na ce ta ajiye mini, kada ta tambaye ni.

Duk Juma'a bayan an sauko masallaci, mutanenmu a gidan Kawu suke cin abinci, a Gubaira, bayan layin masu walda. Maza a falo, mata a kicin da ɗakin ciki. Muka je kamar kullum. Na taya Inna Biba zuba shinkafa da kaza a manyan farantai, na yanka lemon tsami. Da aka fitar da faranti na ƙarshe, na wanke hannu, na gyara hijabina, na ɗauki jakata.

"Ina za ki?" in ji Inna Biba.

"Falo."

Ta dube ni, ta dubi labulen. Sai ta miƙo hannu ta karɓi Hajar. "Kawo ta nan, kada ta ji hayaniya."

Na yi sallama na ɗaga labule. Mutum tara ne zaune kewaye da farantai, hannu ya riga ya shiga abinci. Duk suka tsaya. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe su, don ban zo da niyyar rashin kunya ba.

"Lafiya, Bilƙisu?" in ji Kawu. "Gishiri ne ya yi kaɗan?"

Wasu suka yi dariya. Na fito da waya, na ƙure sautinta, na ajiye a kan kafet. Muryar Kawu ta cika falon, yana jan kalmomin Larabci a hankali kamar mai koyar da yara: 'yata ta sha madarar nan, ta kusa mutuwa, ku ji tsoron Allah ku daina saya. Sannan da Hausa: ki sa kuka a daidai nan.

Saƙon ya ƙare. Saidou mai walda, wanda hannunsa ke cikin shinkafa tun ɗazu, ya zare shi a hankali.

"Alhaji, wannan ce dabarar da ka ce kana da ita?"

"Maganar gida ce," in ji Kawu. "Basiru, ka ce wa matarka ta koma ciki."

"Maganar gida ce da za a watsa wa duniya jibi," na ce. Na ajiye takardar asibiti kusa da wayar. "Ga abin da ya kwantar da ita. Duk mai iya karatu ya duba."

Malam Sadiƙ, wani ɗalibi da ke karatun fiƙihu a jami'a, ya ɗauka ya karanta, ya gyaɗa kai. Ya fara cewa dama tun farko ya faɗa musu malamai suna da magana a kan sayar da abin da ba naka ba.

"Malam, ka yi haƙuri," na ce. "Ban zo neman fatawa ba. Su ari abin da za su ara, su sayar, wannan tsakaninsu da kasuwa ne. In sun ga kamfani na da aibu na gaske, su faɗa, ba zan hana kowa ba. Amma ba su sami aibu ba, sai suka zo ɗaukar 'yata su yi aibun da ita."

"To mu fa?" in ji Saidou. "'Yar'uwa, abin da na tara na shekara shida ne a ciki. Gini na bari a Zinder babu rufi. In farashin nan bai sauko ba, na tashi a banza."

Na ji tausayinsa, har yanzu ina ji. Amma na ce masa, "Kai ka ba Kawu kuɗinka, da hannunka. Hajar ba ta ci riyal ɗaya a ciki ba."

Sunan ya fita kafin in yi tunani, kuma da na ji shi ban so in mayar ba. Wani dattijo ya ce subhanallahi. Kawu ya miƙe zaune.

"Ke! A gabana kike kiran sunan yayata gatsau? Sunan uwar mijinki?"

"Sunan da ke rubuce a hannunta cikin bidiyon ne, Kawu. Kai za ka nuna wa mutum dubu ɗari shi, ni a falo ɗaya na faɗa. Hajar 'yata ce. Ba zan yi kuka a kanta don farashi ya faɗi ba, kuma ba za a yi da fuskarta ba."

"In na saki fa? Me za ki yi?"

"Ranar da na gan shi a waya, a ranar zan je ofishin kamfani da takardar nan da saƙon nan. Daga can in wuce hukumar da ke kula da kasuwar. Na riga na tambayi inda take. Saƙon kuma ba a wayata kaɗai yake ba."

"Ƙarata za ki kai? Ni da na kawo mijinki garin nan da takalmi ɗaya?"

"Zan kai."

"Da wace ƙafar? Wa zai saurare ki?" Ya juya ga Basiru yana murmushi. "Ka ji abin da ka ajiye a gida?"

Basiru bai ɗago ba tun shigowata. Ya goge hannunsa da takarda, yatsa bayan yatsa, sannan ya ce, "Ni zan kai ta, Kawu. Allah ya saka maka da alheri a kan duk abin da ka yi mini, ba zan taɓa musu ba. Amma ni zan kai ta."

Daga nan falon ya hargitse. Biyu suna ba Kawu haƙuri, ɗaya yana cewa shi ba a gaya masa da yarinya a ciki ba, dattijon nan yana cewa in hukuma ta shigo, duk wanda ya sa kuɗi iƙamarsa ta shiga uku. Ina jin wannan maganar ce ta fi tawa tasiri. Kawu ya zaro wayarsa ya wurga ta kan kafet.

"Ɗauki ki goge. Ki ji daɗi."

Na ɗauka na goge. Na shiga inda waya ke ajiye abin da aka goge, na sake gogewa. Sannan na miƙa masa da hannu biyu.

"Saura wanda ya yi rubutun Larabcin, Kawu. Yana da nasa."

Ya kira wani, ya sa a lasifika, ya ce masa aikin Lahadi an fasa, ya goge komai, in ya fita kowa zai kwana a hannu. Mutumin ya fara maganar ladansa, Kawu ya kashe.

"Shi ke nan?" ya ce mini. "To ku tashi ku fita mini daga gida. Ku duka."

Na karɓi Hajar a hannun Inna Biba. Ta cusa mini kaza a leda a cikin jaka ba tare da ta dube ni ba.

Ban yarda an gama ba, don ban ga ɗaya wayar da idona ba. Ranar Lahadi tun ƙarfe tara na sa abaya, na sa wa Hajar takalmi, takardu a jaka, lambar tasi a buɗe. Na zauna ina bincika sunan kamfanin a waya, ina sake bincikawa, har aka rufe kasuwa ƙarfe uku. Babu komai sai tallar yogot. Litinin na sake yin haka, Talata ma, Laraba ma. Hajar ta ɗauka wasa ne, da ta ga na ɗauko abaya sai ta kawo takalminta da kanta. Basiru kuma kullum ya kira ni da azahar ya ce, "Shiru?" in ce, "Shiru."

Ranar Alhamis suka sayi hannun jarin da tsada suka mayar. Mun ji Kawu ya sayar da motarsa ya rage wa mutane asara. Saidou bai sami ko rabin nasa ba. Ya daina amsa gaisuwar Basiru a masallaci, kuma ban ga laifinsa ba.

Da yammar ranar Hajiya ta kira daga Jibiya, ta ce a ba ta ni. Ta daɗe tana magana. Ta ce ƙanenta ya kira ta yana kuka, ta ce an ce na shiga cikin maza, ta ce an ce na ambaci sunanta. Na ce duk gaskiya ne. Ta ce to gobe Juma'a in je in durƙusa in ce na yi kuskure, magana ta wuce.

"Hajiya, zan je in ya yarda in shiga. Zan durƙusa in gaishe shi, in ba shi haƙuri a kan ɗaga murya. Sunanki kuma ki yafe mini, ke nake roƙo. Amma ba zan ce na yi kuskure ba, don in ya sake ɗauko wayar gobe, zan sake shiga falon."

Ta tambaya ko yarinyar ta fara cin abinci sosai. Na ce ta fara, yau ma ta cinye tuwonta. Ta ce to, ta kashe.